Na'ura Ta San Turanci, Ba Ta San Hanyar Shabu Ba

Duk malamin jami'a a ƙasar nan ya san cewa bincike ba ya yiwuwa da albashi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, shekarar da asusun TETFund ya maye gurbin tsohon asusun ilimi na 1993, idon yawancinmu a kan ƙofar wannan asusu yake. Sai dai ba a shiga ƙofar sai da takardar neman tallafi, ita kuwa da Turanci ake rubuta ta, wani irin Turanci mai tsari na daban, wanda malamin Hausa kan yi shekaru bai saba da shi ba.

Abin da nake nema wa kuɗi shi ne naɗar tatsuniyoyi da kirarin Gwandara a Shabu da Kwandare, garuruwan da ke kusa da Lafiya. Masana harshe sun yarda cewa babu harshen da ya fi Gwandara kusanci da Hausa, kuma wannan kusanci ne ke cinye shi a hankali, domin yaro ba ya jin ya bar harshen gidansu idan ya koma Hausa. Dattawan da suka riƙe shi sosai kuwa ba ƙaruwa suke yi ba.

Bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun yawaita, na kuma jarraba wata daga cikinsu. Gaskiya ɗaya ce, ta yi mini aiki. Na ba ta shafi shida na bayanin da na yi ta kewaye-kewaye a cikinsa, ta fitar da manufa uku a fili, ta gyara nahawu, ta nuna mini inda kasafin kuɗi ya saɓa wa jadawalin aiki. Abin da zai ci mini mako biyu ya ƙare a dare ɗaya.

Da muka zo hanyar gudanar da bincike ne aka yi baran-baran. Ta ba da shawarar a raba wa dattawa takardun tambayoyi su cike, a kuma fara aiki a watan Yuni. Wa zai zauna ya yi maka tatsuniya a Yuni, ana tsakiyar noma, doya da riɗi na jiran hannu? Ba ta san cewa baƙo ba ya buɗe rakoda a Shabu sai ya fara kai gaisuwa fadar Sangari ba, kuma ba ta san tsohuwa ba za ta saki baki gaban namiji baƙo ba, sai an nemo ɗaliba 'yar gari. Kuɗin goro da na acaɓa, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin, ta so a cire su wai ba su dace da takardar ilimi ba. Har littattafai biyu ta kawo mini, da sunan marubuci da shekara, na bincika na tarar ba a taɓa buga su ba.

Wani abu kuma ya fi wannan damuna. Wani abokin aiki ya nuna mini tasa takardar a kan gishirin Keana, sai na ga gabatarwarmu kamar an tsaga kara. Mai tantancewa da ya karanta irin wannan guda hamsin, da me zai gane wanda ya taka ƙasa? Don haka na sake rubuta gabatarwar da hannuna, da Turancina mai ɗingishi, na bar wa na'ura gyaran waƙafi da aya.

Takardar tana can ana dubawa. Cikin dattawa bakwai da na lissafa za a naɗa, ɗaya ya rasu kafin in miƙa ta, shi ne kuma aka ce ya fi kowa sanin kirarin farauta.