Abin Da Ke Ƙulle A Haɓar Zane

Daga unguwarmu Kabara zuwa Sabon Gari ba wata tafiya ba ce. Mutum ya bi ta gaban gidan Sarki, ya wuce babban masallaci, ya fita ta Ƙofar Mata, ya ratsa Fagge, ko a ƙasa ya ke sa'a guda ta ishe shi. Amma in za a auna nisan wuraren nan biyu da abin da mutanen nan suka sani na zaman mutanen can, sai mu ce Tambutu ta fi kusa, da ya ke daga wajenta sunan unguwar tamu ya zo. Mun san kasuwarsu rumfa-rumfa, mun san inda a ke sayen littattafai da kayan mota. Yadda su ke yi da marayunsu da gwaurayensu da majinyatansu kuwa, wannan sai ƙalilan daga cikinmu.

Ku 'yan makaranta, na gwamnati da na mishan, da ku mu ke wannan magana, gama ku ne ku ke zama benci ɗaya da waɗanda ba addininku ɗaya ba. Mu Musulmi ne, a unguwar Ƙadirawa aka yanke mana cibiya, ba kuwa wa'azin kowa muka zo yi muku ba. Labarin wata jam'iyya za mu ba ku, wadda a ke kira Zumuntar Mata.

Kusan kowace majami'a da a ke sujada da Hausa a Arewa tana da tata, ko ta ECWA ce, ko ta Angalika, ko ta Katolika. Matan da ke ciki daga wurare dabam-dabam su ke: kudancin Kaduna, da ƙasar Jos, da Tangale, da Adamawa, ga kuma Hausawa 'ya'yan Maguzawan ƙauyukan Kano da Katsina. Kowace da harshen da ta sha a nono, amma in sun taru Hausa ce ke haɗa su, Hausan nan da mu mutanen cikin birni mu ke ɗauka tamu ce mu kaɗai. Sunan ma da suka zaɓa ya isa a tsaya a kansa. Zumunta a wurinmu ta jini ce, su kuwa sai suka ɗauki kalmar suka ɗora ta kan waɗanda ba su haɗa ko da kaka ba, suka kuma riƙe sharaɗinta, watau zumunta a ƙafa ta ke.

Mun fara sanin cikin al'amarin ta wurin wata malama da mu ke koyarwa tare, wadda ita ce ma'ajin zumuntar majami'arsu. Lokacin tara, sa'ad da sauranmu ke hira, sai ta buɗe wani littafi mai bango baƙi ta yi ta ja masa layi da rula. Gefen hagu sunayen mata, sama makonni, kowane gida da alamar biya ko ta bashi. Mun yi shekaru a kwalejin horon malamai ana koya mana riƙon rajista, amma ba mu taɓa ganin rajistar aji mai tsabtar wannan ba.

Ga yadda su ke yi. Sau ɗaya a mako su kan taru da la'asar, su yi addu'a, a karanta musu wani yanki na Littafinsu, sa'an nan su koyi waƙa. Kayan kiɗansu ba na maroƙa ba ne, tulu ne na yumɓu da a ke buga bakinsa, da gora mai duwatsu, da ƙarfe. Ran biki kuma su kan fito da zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, har ba ka iya rarrabe matar likita da mai tuyar ƙosai. Bayan waƙa sai kiran suna. Wadda ba ta zo ba a tambayi dalili. In ciwo ne, nan take a sa mata biyu ko uku su je dubiya. In haihuwa ce, a kai sabulu da itace. In rasuwa ce kuwa, su ne masu girki da ɗiban ruwa da kwana a gidan makoki har baƙi su watse.

To, duk wannan da kuɗi a ke yinsa, kuɗin kuwa shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalinmu. Babu wani attajiri a bayansu. Akwai ɗan abin da kowace ke biya duk mako, akwai baiko da a ke zagawa da kwano, akwai ribar zanen da su ke saya a dunƙule su rarraba. Da kaka kuma a kan yi ranar godiya, kowa ya kawo abin da ya samu, mai dawa da dawarsa, mai kaza da kazarsa, a yi gwanjonsu a gaban jama'a, har ka ga an sayi ƙwarya guda ta gyaɗa a kan kuɗin buhu, mai saye yana dariya, don kowa ya san ba gyaɗar a ke saye ba. A ƙauye inda kuɗi ke wuya su kan yi gayya, su nome gonar wani a biya su, ladan ya shiga asusu.

Ga lissafi, ku 'yan aji shida. A ce mata 60 ne, kowace tana kwance naira 200 daga haɓar zanenta duk mako. A mako an sami 12,000. A makonni 52 an sami 624,000. Naira 200 ba ta isa kuɗin keke mai ƙafa uku zuwa Sabon Gari da dawowa ba, amma ga ta ta zama abin biyan kuɗin makarantar marayu da sallamar majinyaci daga asibiti. Da yayyafi kogi kan cika. Mu ma muna da adashi, amma adashi naka ne ke komo maka. Wannan kuwa mai zubawa tana iya shekara biyar ba ta ga ko kwabo ya dawo hannunta ba. Abin da ke hana ta gajiya, a ganinmu, shi ne ana karanta lissafin a fili: abin da ya shigo kaza, abin da ya fita kaza, saura kaza, kowace tsohuwa kuma tana da ikon ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba a sake.

Sai mu zo wurin da maganar ke da ƙaya. Wani kashi na kuɗin nan ba na marayu ba ne, na masu bishara ne, watau waɗanda a ke aikawa ƙauyuka su kira mutane zuwa addinin Kirista. Matan ba su ɓoye wannan, mu kuma ba za mu ɓoye muku ba. Tun wajen 1948 masu bi na ƙasan nan da suka tashi a hannun mishan ɗin S.I.M. suka kafa jam'iyyar aika nasu masu bishara da kuɗinsu, a 1954 kuma majami'unsu suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Abin da a dā a ke jira daga Kanada da Amurka da Ingila, yanzu rabonsa mai yawa daga irin kwanon nan na mata ya ke fitowa.

Dattawanmu su kan ce kyautar mishan ƙugiya ce da tsutsa a baki, zancen nan nasu kuwa yana da asali. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano da jama'arsu, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku ta ƙasar Zazzau. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, ba a bar 'yan mishan su yi wa'azi cikin birni ba. Ƙofar da ta buɗe musu ta magani ce. Wajen 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka damƙa wa S.I.M. kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Lokacin nan magani sai allurar wani mai daga Indiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani, kafin ƙwayar dafson ta zo a ƙarshen shekarun 1940. Sun wanke gyambon da 'yan'uwan mai shi ke ƙyama, sun kuma karanta wa majinyata Littafinsu, waɗansu yara da suka tashi can suka bar addinin iyayensu. Duka biyu sun auku. Wanda ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya bai ba da labari daidai ba.

A 1943 Likita Hursh ya buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau ya ke aiki a hannun ECWA. Da wuya ka sami lungu a cikin birni da ba a taɓa kai wani tsoho can an cire masa yanar ido ba. Mun san waɗanda aka kai ana ja musu sanda, suka komo suna karanta Alƙur'aninsu da kansu, ba kuwa wanda ya rage musu ko raka'a ɗaya. Don haka mu dai ba mu yarda a ce duk alherinsu tarko ne ba, ba mu kuma yarda a ce babu nufin kira a cikinsa ba. Mutum yana iya son ka bi hanyarsa, ya kuma ji tausayin ciwonka da gaske. Mu ma in mun ciyar da baƙo mu kan so ya ga kyawun Musulunci, ba mu ce tuwonmu na munafunci ne ba. Inda laifi ya ke shi ne a ce wa mai yunwa sai ya tuba za a ba shi, ko a ja yaro a bayan idon ubansa. Mun tambayi malamar nan a kan haka, ta ce in sun kai abinci asibiti ko gidan yari layi su ke bi gado-gado, ba su tambayar suna.

Garin nan ya ga abin da zafin kai kan jawo. A watan Oktoba na 1991, kan zuwan wani mai wa'azi Bajamushe, Reinhard Bonnke, aka yi tarzoma, rayuka da dukiya suka salwanta, Musulmi da Kirista. Ku ba a haife ku ba, mu ma labari muka tashi muka tarar. Amma bayan kowace irin wannan fitina, in manya sun gama jawabi sun hau motocinsu, waɗanda ke bi gida-gida su ƙidaya gwauraye da marayu, a can irin matan nan ne, a nan kuma iyayenmu mata ne da ƙwaryar hatsinsu.

Sadaka ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya ga yadda gidajen Kabara ke ciyar da baƙi ranar maukibin Ƙadiriyya, tun daga ɗalibai har fataken da ba a san daga inda suka fito ba, ya san hannunmu a buɗe ya ke. Abin da muka aro daga littafi mai baƙin bango shi ne rubutawa. A wannan zango 'yan ajinmu sun kafa asusu don ɗan'uwansu da ya rasa kuɗin jarrabawa ko na magani. Akwatin yana da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin Musulmi, ɗaya wurin Kirista, su suka zaɓe su da kansu. Kowa naira 20 ran Litinin, wanda ba shi da ita a rubuta masa bashi ba tare da an kira sunansa ba. Ran Alhamis kafin a tashi magatakarda ya miƙe ya karanta lissafi. Makon jiya an sami saɓanin naira 40 tsakanin littafi da akwati, aji duka suka ƙi tashi har aka sake ƙidaya, aka tarar da takardun biyu sun maƙale a ƙarƙashin murfi.