Gidan Da Babu Shi A Duniya

Duk wanda ya taɓa bin 'yan fim lokeshin ya san babu abin da ke ba furodusa ciwon kai kamar gidan aro. Labarin ya ce jarumi ɗan attajiri ne, to dole a nemo katafaren gida mai bene da fulawoyi, a yi ta roƙon mai shi. Kwanakin baya na bi wasu 'yan fim irin wannan gida don in ɗauko wa mujallarmu rahoto. An ɗauki rabin sin ɗin falo ke nan sai ga maigidan ya dawo daga tafiya babu zato. Ashe ɗansa ne ya ba da aron ba da saninsa ba. Bawan Allah bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malamai, ku tattara kayanku." Haka muka fito da fitilu da wayoyi a ka, darakta kamar ya yi kuka, don dole a sake ɗaukar komai a wani gidan.

A daren na biya wajen wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a foli. Ni aikin jarida na karanta, shi kuma zanen gine-gine. Ina ba shi labari sai idona ya kai kan allon kwamfutarsa: wani gida ne fari fat, hasken yamma ya bugi gilasansa, ga inuwar dabino a kan dakali. Na ce, "Kai mutumina, wannan a Abuja ne? Wa ke da shi? Ko zai ba da aro?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗan jarida, gidan nan ko tubali ɗaya ba a aza ba. Filin ma har yanzu gero ne a ciki."

Wallahi sai da na ji kunya. Ni da nake taƙamar na san kamara, hoton kwamfuta ya ruɗe ni.

Sana'arsa ke nan: nuna wa mutum gininsa tun kafin a haƙa fandisho. Mai zanen gini zai turo masa taswira da awo. Shi kuma ya tada bango da rufi a cikin manhaja irin su SketchUp ko 3ds Max, ya shafa fenti, ya shimfiɗa tayil, ya jera kujeru. Daga nan sai ya kafa rana inda za ta kasance da ƙarfe biyar na yamma, ya ajiye kamara, ya zaɓi gilashin da zai ɗauka da shi. Na ce masa ai wannan aikin mai ɗaukar hoto ne. Ya ce ƙwarai kuwa, rabin aikin haske ne da kusurwa, shi ya sa yake kallon finafinai fiye da ni.

Mataki na ƙarshe shi suke kira renda, wato kwamfuta ta zauna ta lissafa yadda haske zai faɗa kan kowane abu, ya yi tsalle zuwa wani, har hoto ya fito. Akwai manhajoji na musamman don wannan. Fitacciya a ciki ita ce V-Ray, wadda kamfanin Chaos na birnin Sofiya a Balgeriya ya yi. Masu zanen gida da masu fim duk da ita suke aiki, har ma a 2017 hukumar da ke ba da kyautar Oska ta karrama ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, Vladimir Koylazov.

A nan ne kuɗi ke shigowa. Renda tana cin ƙarfin inji. Ana buƙatar furosesa mai ƙarfi, ram mai yawa, da katin hoto na kirki, irin RTX ɗin da kamfanin Nvidia ya fara fitarwa a 2018. Abokina ya yi mini lissafi a bayan takarda. Bidiyon minti ɗaya, a kan hoto 25 cikin daƙiƙa, hotuna 1,500 ke nan. In kowane hoto ya ci minti 5, ka ga awa 125, sama da kwana biyar inji na aiki ba hutu. Sai ka haɗa da halin wutar lantarkinmu. Ya ce kuɗin farko da ya samu ba mota ya saya ba, batir da sola ya saya. Yanzu dai akwai irin su Lumion da Twinmotion masu nuna hoto nan take, amma su ma sai da katin hoto mai tsada.

To, ni ma sai abin ya shiga raina. Na kwashe ɗan abin da na tara na sayi laftof ta hannu. Tunda ba ni da kuɗin lasisi, na sauko da Blender, wadda kyauta ce tun 2002. Kada ku raina ta don kyauta ce: da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci Oska a 2025. Na ce ba zan zana gidan attajiri ba, zauren gidanmu zan tayar, wanda aka rushe ina firamare aka yi shago a wurin. Sati uku ina fama. Ranar da na danna renda, laftof ta yi zafi kamar murhu, fankarta na ihu. Hoto ya kai rabi aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama matacce ne, mai shagon bai faɗa mini ba. Na zauna a duhu ina tunanin kuɗina.

Da na kai wa abokina kuka sai ya ce laifina ne. Wai na cika hoton da abubuwan da kamara ba za ta gani ba, kuma na nemi girman da injina ba zai iya ba. Ya ce ƙaramin hoto ake fara gwadawa, a gyara haske, sannan a saki babba. Ya ce inji ba ya ba mutum ido.

Wani zai ce me ya haɗa mujallar fim da zanen gida? Alaƙar tana da yawa. Joseph Kosinski, daraktan Tron: Legacy na 2010 da Top Gun: Maverick na 2022, zanen gine-gine ya karanta a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, kuma da hotunan kwamfuta ya fara kafin ya zama darakta. Gidan masu kuɗin nan na fim ɗin Parasite na Koriya ta Kudu, na 2019, ba gidan kowa ba ne: ƙasan aka gina don fim, saman kuma kwamfuta ce ta ɗora. A shirin The Mandalorian, wanda ya fara a 2019, 'yan wasa suna tsayawa ne a gaban manyan alluna masu nuna wuraren da aka gina da Unreal Engine. Su babu maigidan da zai dawo ya kore su.

Ban ce gobe za mu kai can ba. Amma ko ba komai, darakta zai iya ganin falonsa a kwamfuta, ya san inda zai kafa kamara da fitila kafin ya ɓata yini a lokeshin.

Sai dai sana'ar tana da nata tarkon. Abokina ya ce wani mai sayar da filaye ya taɓa sa shi ya zana kwalta da bishiyoyi da fitilun titi a wurin da ya san kwari ne mai cin ruwa. Ya tambaya ko da gaske za a yi su. Aka ce masa, "Kai dai yi zanenka." Ya mayar da kuɗin, alhali a watan ko haya bai biya ba. Ya ce mai kallon fim ya san wasa ne, amma mai kallon hoton gida fanshonsa zai zuba. Na tambaye shi batun manhajojin nan masu ƙirƙirar hoto da kansu, ko ba za su ƙwace abincinsa ba. Ya ce tabbas sun rage wa wasu ciniki, amma magini awo yake bi, ba kyan hoto ba, don haka wanda ya san gini yana da sauran aiki.

Kullum wasiƙunku na zuwa mana: "Yaya zan zama jarumi?" Ban taɓa ganin wadda ta ce, "Yaya zan gina wurin da jarumi zai tsaya?" ba. Laifin har da mu 'yan jarida, don taurari kawai muke sawa a bango. In kana da ido da haƙuri, fara da abin da ke hannunka, ka koyi awo, ka koyi haske, ka tara hotuna biyar masu kyau da za ka nuna.

Zauren kuwa na gama shi daga baya, a injin abokina. Na kai wa Inna a waya. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ƙofar ta fi haka gajarta, babanku sai ya sunkuya yake shiga. Kuma ina randar?" Yau da daddare, in Allah Ya kawo wuta, randar zan zana.