Ƙwaƙwalwar kwamfutar ƙanena

Wata takwas ƙanena yana tara kuɗin ɗinki don ya haɗa kwamfutar wasa. Da na tashi daga shirin safe, muka hau babur daga New Bell zuwa Akwa. Mai shago ya miƙo Core i3-12100F, wai ta fi araha. Na san harafin F ɗin nan: ba ta fitar da hoto sai da katin hoto, kuɗinsa kuwa babu. Na ce a ba mu Ryzen 5 5600G, mai hotonta a ciki.

"Yaya, manyan wasanni za su riƙa sarƙewa fa."

Gaskiyarsa ce, amma allon ya kawo haske a daren. Har yau yana mini mita, hannunsa a kan madannai.