Maganin da za ki iya ɗorewa da shi

Ƴan uwa mata, cikin abin da muke kira sanyin ƙashi akwai wani iri da garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin gaɓɓan mai ita. Yatsu da wuyan hannu su kumbura dama da hagu, da safe su sandare, ko taɓarya ba ta riƙuwa. Ya fi kama mata, ninki 2 zuwa 3 bisa maza.

Shekara biyu ke nan ina raka wata ƴar ƙungiyarmu wajen likita, nan na koyi abin da zan faɗa muku. Galibi da methotrexate ake farawa, sau ɗaya a sati, ba kullum ba, kuma mai ciki ba ta sha. In an yi wata 3 zuwa 6 babu sauƙi, sai likita ya kawo zancen allurai masu ƙarfi da ake kira biyolojik. Nan fa zaɓi yake.

Etanercept allura ce ƙarƙashin fata kowane sati, adalimumab kowane sati biyu. Ana iya yin su a gida, amma ajiyarsu sai firigo, sanyin digiri 2 zuwa 8. Ki tambayi kanki: watan Afrilu, in wuta ta ɗauke, ina za ki sa su? Rituximab kuwa ƙarin ruwa ne a asibiti, sau biyu da tazarar sati biyu, a maimaita bayan kamar wata 6. Ga wadda likitanta ke Yamai ita tana Maraɗi, kilomita sama da 600, wannan lissafi ba ƙarami ba ne.

Dukansu suna rage ƙarfin garkuwa. Shi ya sa kafin a fara ake awon tarin fuka da ciwon hanta, don kar a tada wanda ya yi barci. Mai son haihuwa ma ta faɗa tun farko, akwai wanda ya fi dacewa da ita.

Sai kuɗi. Suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowace farmasi ke da su ba. In aka fara aka yanke, ciwon kan dawo.

Mu mata kunya ke rufe mana baki gaban likita. Ranar awo ki faɗa masa nisan garinku, da halin wutarku, da abin da ke hannunki. Shi ya san magani, ke kika san gidanki. In bakinki zai yi nauyi, ki tafi da ƴar uwa ta faɗa miki.