Mai Ɗaukar Hoto Da Yaron Biyafara

A cikin 1969, sa'ad da yaƙin basasar Nijeriya ya yi tsanani, wani Bature ɗan Ingila mai suna Don McCullin ya shiga wata makarantar mishan a yankin Biyafara, inda aka tara ɗaruruwan yara waɗanda yunwa ta galabaita. A cikinsu akwai wani yaro zabiya, ƙafafunsa kamar sillen kara, yana riƙe da gwangwanin nama wanda ba kome a ciki. McCullin ya ɗauki hotonsa, ya ba shi 'yar alewar da ya samu a aljihu. Hoton nan ya zaga duniya, amma shi mai hoton ya sha faɗi cewa yaron bai taɓa fita daga ransa ba.

An haifi McCullin a birnin Landan a 1935, ya tashi cikin talauci a unguwar Finsbury Park. A 1959 jaridar Observer ta buga hoton da ya ɗauka na wasu samari 'yan ta'adar unguwarsu, daga nan ƙofa ta buɗe masa. Rikicin tsibirin Kubrus na 1964 shi ya fito da sunansa. Daga 1966 zuwa 1984 ya yi wa jaridar Sunday Times aiki, ya ga yaƙin Biyetnam, da na Labanan. A Kambodiya kuwa, harsashin da ya nufo shi kyamararsa ce ta tare. A 1972 sojojin Idi Amin suka kulle shi a Yuganda.

To, amma abin da ya fi harsashi ci masa rai shi ne yanayin sana'ar kanta, watau mutum ya tsaya gaban mai shirin mutuwa yana gyara kyamara, alhali kuwa abinci ake bukata, ko magani. Shi ba likita ba ne, ba shi da abin bayarwa sai shaida. Da bai tsaya ɗin ba kuwa, da waɗanda ke nesa sun ce ba su sani ba.

Daga baya ya koma ƙauye a Somerset, ya shiga ɗaukar hotunan gonaki da gizagizai. A 2017 aka ba shi lambar girma ta Sir. Har wa yau ba a raba sunansa da yaron nan mai gwangwani, wanda duniya ta san fuskarsa ba ta san sunansa ba. Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan rana, amin.