Wasan ƙwallon jami'o'in Amurka: abin da ya koya wa ɗana da abin da ya ɓoye masa

Mu malamai mun saba yanke wa wasan bidiyo hukunci tun ba mu taɓa shi ba. Iyaye kuma galibi kashi biyu ne: mai hanawa ƙememe, da mai sayo wa yaro ya juya baya. Ni kuwa zama na yi na buga. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya zo ganin gida Maraɗi da na'urar PlayStation 5 da wani wasa mai suna College Football 25, ya bar wa ɗana mai shekara 15. Hutun damina guda muka yi muna bugawa ni da yaron, duk daren da ba a ɗauke wuta ba. Ga abin da na gani.

Da farko, wannan ƙwallon dabam take da wadda yaranmu ke bugawa a filin unguwa. Siffar ƙwai gare ta, kuma da hannu aka fi sarrafa ta. Kowane gefe mutum 11 ne. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, wato kimanin mita 9. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6. A can Amurka ɗaliban jami'a ne ke tara jama'a a kanta kamar ranar idi. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kusan ninki uku na filin Seyni Kountché na Yamai.

Kamfanin EA Sports ya fito da wasan a watan Yulin 2024, bayan shekara 11 bai yi irinsa ba. Dalilin wannan shiru shi kansa darasi ne. A da kamfanin yana zana ƴan wasa da kamanninsu da lambar rigarsu, yana sayarwa, su ko anini ba sa samu, don dokar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hana ɗalibi karɓar kuɗi. A 2009 wani tsohon ɗan ƙwallon kwando, Ed O'Bannon, ya kai ƙara kotu. Shari'ar ta sa aka tsayar da wasan bayan na 2013. Sai a 2021 aka yarda ɗalibi ya ci moriyar sunansa da hotonsa. Da wasan ya dawo, an ba kowane ɗan wasa da ya amince dalar Amurka 600, kimanin jaka 350 a kuɗinmu, da kwafin wasan. Ɗalibai fiye da 11,000 suka sa hannu. Ni da ɗana mun kwashe dare guda muna gardama ko wannan kuɗin ya kai haƙƙinsu, ganin irin cinikin da kamfanin ya yi. Ban taɓa samun hanyar yi masa bayanin cewa suna da fuska dukiya ne ba sai ranar.

Abin da ya fi burge ni a wasan shi ne yana tilasta tunani. Kafin kowane motsi sai ka zaɓi dabara, ka karanta tsayuwar abokan karawa, ka yi lissafin yadin da ya rage da lokacin da ya saura. Yaron da ke gudun lissafi a aji sai ga shi yana auna ko ya nemi maki 3 na tabbas ko ya yi kasadar neman 6. A wani ɓangaren kuma kai ne mai horarwa, kana zaɓar ɗaya daga jami'o'i 134, kana neman sababbin ƴan wasa da sa'o'i ƙidayayyu a mako. Wani yaro yana son jami'ar da ke kusa da gida, wani yana duba martabar karatunta, wani so yake a sa shi a fili tun shekarar farko. In ka zuba duk sa'o'inka kan tauraro ɗaya ya ƙi ka, ka tashi a tutar babu. Ingilishin ɗana ma ya ƙaru, don komai da shi aka rubuta, dole ya riƙa ɗauko ƙamus.

Amma akwai wurin da raina ya sosu, kuma ya shafi aikina kai tsaye. A ɓangaren da ake kira Road to Glory, kai ne ɗalibin. Kowane mako ana ba ka ƴan maki na kuzari ka raba su tsakanin karatu, atisaye, lafiya, jagoranci da tallata sunanka. In sakamakonka ya faɗi ƙasa, a hana ka wasa. Da jin wannan malami zai yi murna. To, amma yaya ake karatun? Dannawa ɗaya, sai ma'auni ya hau. Babu littafi, babu zaman dare, babu maimaita abin da ya ƙi shiga kai. Filin wasa an zana shi har da ganguna da tutoci da ihun ƴan kallo, aji kuwa ko ƙofarsa ba a nuna ba. Cikin kwana uku ɗana ya gano mafi ƙarancin abin da zai ba karatu don kada a kore shi, ya zuba sauran a atisaye. Na san wannan lissafin sarai. Shi ne na ɗalibin da ke neman 10 bisa 20 kawai ya wuce aji, kuma shekara 20 ke nan ina yaƙi da shi a gaban allo.

Na biyu, wasan yana sa yaro ya ɗauka ƙarshen kowane ɗalibi ɗaukaka ce. A zahiri, alƙaluman hukumar NCAA da kanta sun nuna ƙasa da 2 cikin 100 na ƴan ƙwallon jami'a ne ake ɗauka zuwa babbar gasar ƙwararru ta NFL. Sauran da takardar karatunsu za su ci abinci. Ciwo ma an sauƙaƙa shi. Ana nuna gaɓar da ta sha bugu da launi, ka huta ta warke. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalwar tsoffin ƴan wasan NFL 111 da iyalansu suka bayar bayan rasuwarsu, suka sami cutar da ke da alaƙa da yawan bugun kai a 110. Wannan babu shi a allon talbijin.

Na uku shi ne kuɗi. Wasan kansa dalar Amurka 70 aka sayar da shi lokacin da ya fito a 2024, wajen jaka 40, amma cinikin bai ƙare nan ba. A ɓangaren Ultimate Team ana sayar da ƙunshin katunan ƴan wasa da kuɗin gaske, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan ciniki caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da makin wasansa na FIFA a can a farkon 2019. Ko da College Football bai shigo unguwarku ba, wannan tarkon yana cikin wasan ƙwallon ƙafar da yaranmu ke bugawa a ɗakunan PlayStation da kan wayoyinsu.

Shawarata ga iyaye ita ce kada a haɗa katin banki ko asusun kuɗi da na'urar yaro, kuma a yanka masa lokaci, musamman shekarar jarrabawar BEPC. Sannan a daure a zauna kusa da shi ko sau ɗaya a mako, a tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan ya bar wancan. Ga ƴan uwana malamai kuwa, tsarin rabon kuzarin nan abin aro ne. Na ba ɗalibaina takarda na ce kowa ya raba sa'o'in makonsa tsakanin karatu, aikin gida, barci, wasa da zaman fada, ya kawo mu duba tare. Da yawa ranar suka fara ganin inda lokacinsu ke zurarewa. Bambancin kawai, a takardarmu sa'ar karatu sai an zauna an yi ta da gaske kafin a rubuta ta.