Wasiƙa zuwa Bune, a kan ɗan namu

Aminiyata,

Saƙonki ya iso. Kin ce mushe, malamin ajinsu, ya sake koro ɗan namu daga lakwal, malamin allo ya ce kunnen ƙashi gare shi, surukarki kuwa ta ce iska ce, a nemo turare. Kowa da tasa!

Ni dai roƙona ɗaya, a ajiye bulalar nan. Yaron da za a aika sayen gishiri ya ɓige da bin tunkiyar maƙwabta, ya dawo hannu rabbana yana murmushi, ba raina ki ya yi ba, aiken ne ya zube masa a hanya. Likitoci sun san wannan larura ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, a takardun Faransanci TDAH suke rubutawa. Tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara, kuma a duniya wajen 5 ne cikin kowane 100. Tana bin jini sosai. Ki tuna ƙanen maigidanki, wanda har yau bai taɓa zama an gama shayi da shi ba.

Amma kada mu yi riga malam masallaci. Ƙarancin jini, ciwon kunne, raunin gani, zuwa aji da yunwa, har da wata farfaɗiya da yaro ke ɗauke wuta na ɗan lokaci ba tare da ya faɗi ba, duk suna iya kama da ita. Ki fara kai shi asibitin nan naku, in an tura ku Gure ku je. Za su tambaya ko abin ya haura wata 6, ko ya fara kafin shekara 12, ko a gida da makaranta duka yake yi. Maganin masu talla a kasuwa kuwa, wai don ya natsu, ko kusa! Na asibiti ma ba a fara bai wa ƙaramin yaro shi sai an gwada gyaran tafiyar da shi a gida.

Gyaran ba wuya, sai dai haƙuri. Aike ɗaya a lokaci ɗaya, ki kira sunansa (na san ɗan fari ne, ki daure), ya dube ki, ya maimaita. Kafin karatu ki bar shi ya ɗebo ruwa ko ya kai awaki, ƙarfin ya ragu. In ya yi daidai ki yaba masa nan take, kada ki bari sai dare. Ki roƙi mushe ya zaunar da shi gaba, nesa da taga, ya riƙa sa shi goge allo.

Addu'a da tofi a ci gaba, ba su hana zuwa asibiti.

In abin ya kai ga babban asibitin Damagaram, gidana ne masauƙinku, ki aiko in tarye ku a tasha. Ki gaida Hajiya surukarki, ki lallaɓa ta a hankali. Dabinon da kika yi mini alkawari yana nan bashi.

Taki har kullum.